Dashe Dubu Arba'in

Daga bakin Deolinda, mai renon dashe a gandun dajin gwamnati, tsaunukan Lousã, ƙasar Fotugal

Bara wuta ta hau dutsen nan da la'asar,
kafin asuba ta gangara ta ɗaya gefen.
Bishiyoyin turare na ta fashewa kamar bindiga,
toka ta kai har cikin tukunyar miyata.

Sai ga mutanen Lisbon da takalma masu ƙyalli,
suka tsaya inda ƙasa ke da sauran ɗumi.
Aka ɗauki hoto, aka ce a reni dashe
dubu arba'in, kuɗi na nan tafe.
Kuɗin kuwa sun zo. Ban musa ba.

Na tsinto 'ya'yan itacen nan da ake toshe kwalba da ɓawonsa,
ɗaya-ɗaya, gwiwa a ƙasa, har bayana ya ƙage.
Na zuba su a bokitin ruwa:
wanda ya taso sama wofi ne,
wanda ya nutse shi ke da rai.
Ni da Belmiro muka ɗura ƙasa a leda dubu arba'in,
shi yana tari, ni ina ƙirga.

Suka tsiro.
Wanda bai taɓa ganin ganye biyu sun buɗe ido
a kan baƙar ƙasa ba,
ba ni da bakin da zan gaya masa.

Bana takarda ta zo, shafi ɗaya da rabi.
Kuɗin reno, in ji ta, na kasafin bara ne.
Kuɗin dasawa na wani ofishi ne daban,
ofishin an haɗe shi da wani ofishin,
mai sa hannu ya yi ritaya tun watan Maris.
A jira.

To, na ce wa dashen su jira.
Saiwa ba ta iya karatu ba.
Ta murɗe cikin leda kamar hanjin kaza,
tana zagaya kanta, tana neman ƙofa.

Motar gandu na can bayan sito,
taya uku da bulo ɗaya,
kaza ta saka ƙwai a kujerar direba.
Da mu goma sha ɗaya ne. Yau mu biyu,
kuma kwantiragin Belmiro zai ƙare ran Juma'a.

Jirgin kashe gobara kam sun yi hayarsa.
Ba na ƙin jirgi, shi ya ceci gidan ƙanwata.
Sai dai kunnen gwamnati na jin rurin wuta,
ba ya jin shirun itace yana girma.

A ƙonannen dutse turare ya dawo da kansa,
ba wanda ya gayyace shi, bai nemi sa hannu ba.
Shekara goma ya isa sara,
tun kafin nan ya isa ci da wuta.
Nawa kuwa sai ya shekara ashirin da biyar
kafin a tuɓe masa rigar fari.
Wane minista zai kai lokacin a kujera?

Jiya Lahadi, dab da fitowa coci,
na jera leda ɗari a bakin ƙofar gandu.
Ban ce komai ba, ban ga kowa ba.
Ban ga tsohuwa Graciete ta sa biyu a kwandon cefane ba,
ban ga yaran gangare sun kwashi sauran a baro ba.
Dukiyar gwamnati ce, na sani, akwai lissafinta a littafi.
A littafin na rubuta: sun bushe.

Saura dubu talatin da tara da ɗari tara.
Ruwan Oktoba ya kusa, ina jin sa a gwiwata.
Belmiro ya ce zai zo ran Asabar ko ba albashi,
da fartanyarsa da tarinsa.
Na ce ya taho mini da biro,
nawa ba zai kai ƙarshen wata ba
wajen rubuta mutuwar masu rai.